Yadda Za Ka Faɗi Nasarorin Aikinka Ba Tare da Cika Baki Ba

Ga maganganu biyu da ma'aikaci ɗaya zai iya yi a kan aiki ɗaya. Ta farko: "Ai in ba don ni ba, da sashen nan ya daɗe da durƙushewa." Ta biyu: "Lokacin da aka ba ni sashen, takarda kan yi mako uku kafin a sa mata hannu. Na rage teburan da take bi daga shida zuwa uku, yanzu kwana huɗu take yi." Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne. Amma wanda ya ji ta farko zai taɓe baki a ransa, wanda ya ji ta biyu kuwa zai gyara zama ya ce, "Yaya aka yi ka yi hakan?"

A magana ta farko mutumin ya zama alƙali a shari'ar kansa: ya yanke hukunci, yana jiran a tafa masa. A ta biyu ya tsaya a matsayin shaida, ya faɗi abin da ya faru, ya bar wa mai sauraro hukuncin. Mutane ba sa son a ƙwace musu wannan haƙƙi, shi ya sa aka ce yabon kai jahilci. Sai dai da yawa sun ja wannan magana har ta hana su faɗin abin da suka yi ko da an tambaye su, wai ai ana gani. Ba a gani. Shugaban da ke da mutum ashirin a ƙarƙashinsa bai san rabin abin da kowannensu yake yi ba, kuma ranar da za a zauna batun ƙarin girma, abin da ya tuna kaɗai zai faɗa.

Wanda yake ganin duk ambaton iyawa girman kai ne, ya tuna Annabi Yusuf (AS) da ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ce shi mai tsarewa ne, masani, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta Suratu Yusuf. Ka duba yadda abin ya zo: ana buƙatar mai iyawa, ya faɗa wa wanda ke da ikon naɗawa, bayan ya riga ya kawo tsarin yadda za a tanadi hatsi kafin shekaru bakwai na fari, kuma siffa biyu kacal ya ambata. Matakan da ke tafe duk a kan wannan layi suke.

Mataki na 1: Fara rubutawa tun ba a tambaye ka ba

Yawancin cika baki daga mantuwa yake fitowa. A tambayi mutum me ya yi a bana, ya lalubi ƙwaƙwalwarsa bai samu komai ba sai abin da ya faru makon jiya, sai ya koma ga abin da ke kusa da baki: "Ni mutum ne mai ƙwazo, mai riƙon amana, ba na wasa da aiki." Ba ƙarya ya yi ba, hujja ce babu a hannunsa.

Ka samu ɗan littafi ko ka buɗe fayil a wayarka. A ranar aiki ta ƙarshe ta kowane mako, kafin ka tashi, ka ba shi minti goma. Kowane abu ka sa masa kwanan wata da layi huɗu:

- matsalar da aka samu ko aikin da aka ba ka;
- abin da kai ka yi da hannunka;
- abin da ya sauya bayan nan;
- wanda ya gani, wanda zai iya ba da shaida in ta kama.

Kada ka jira babban abu. Sabon ma'aikacin da ka koya wa aiki, kuskuren da ka hango a lissafi kafin takarda ta fita, abokin cinikin da ya zo a fusace ya tafi yana godiya, duk ka rubuta. Irin waɗannan su ne suka fi saurin ɓacewa, musamman matsalar da ka tare tun ba ta auku ba, don ba wanda yake tuna abin da bai faru ba.

Akwai abu ɗaya da kusan kowa yake mantawa, kuma shi ya fi tsada: lambar farko. Duk ranar da aka damƙa maka sabon aiki, ka auna halin da ka same shi. Kwana nawa abu yake ɗauka? Ƙorafi nawa ake samu a wata? Ɗalibai nawa suka ci jarrabawa bara? In ba ka rubuta wannan a makon farko ba, bayan shekara za ka san ka gyara abubuwa amma ba ka da abin nunawa, domin kowa ya saba da sabon yanayin har ya manta da yadda ake a da.

Saƙonnin godiya da suka shigo ta imel ko WhatsApp ma ka tara su wuri ɗaya. Amma ka kiyaye: sirrin ma'aikata, sunayen abokan ciniki, bayanan marasa lafiya da makamantansu ba naka ba ne, kada ka kwashe su zuwa wayarka da sunan tara hujja. "An rage da kashi kaza" ya ishe ka.

Mataki na 2: Zaɓi abin da mai sauraro yake buƙata

Littafin na iya cika da abubuwa hamsin. Uku za ka faɗa, in ya yi yawa biyar. Kafin ka zaɓa, tambayi kanka abin da ke hana wannan mutumin barci. In intabiyu ce, ka sake karanta sanarwar neman ma'aikacin, abin da suka fi nanatawa shi ne ciwon kansu. In shugabanka ne, ka tuna abin da na sama da shi suke matsa masa a kai. Nasarar da ta taɓa damuwar mai sauraro, taimako yake jin an kawo masa. Wadda ba ta shafe shi ba, ko da ta fi girma, tallan kai zai ɗauke ta.

Mataki na 3: Mayar da kowace nasara ɗan gajeren labari

Nan ne aikin yake, don haka mu ɗan daɗe.

Masu ɗaukar ma'aikata suna da wani tsari da suke kira STAR, kuma da yawansu da shi suke auna amsarka ko ba su faɗa ba. Gaɓa huɗu ne: halin da ake ciki, abin da aka ɗora maka, matakin da ka ɗauka, da sakamakon da aka samu. Gaɓa biyun farko ka ba su jimla ɗaya ko biyu. Ta ukun ita za ta ci rabin lokacin. Ta huɗu ka faɗe ta a taƙaice, sannan ka yi shiru.

A ce malamar jinya ce aka tambaya abin da ta fi alfahari da shi a aikinta. Za ta iya cewa, "Ni ina da lura sosai, ba na barin kuskure ya wuce." Ko kuma ta ce:

"A ɗakin da nake, an sha samun kuskuren lokacin ba da magani a daidai canjin aiki tsakanin masu dare da masu safe. Shugabarmu ta ce in duba. Na zauna da ɓangarorin biyu, sai na gano kowa da irin yadda yake rubuta bayanin miƙa aiki. Na tsara takarda guda mai shafi ɗaya, muka gwada ta wata guda. Masu dare suka ce wurare biyu sun yi tsawo, kuma gaskiyarsu ce, na rage su. A wata shida da suka biyo baya sau ɗaya aka sake samun irin wannan kuskure, yanzu haka wasu ɗakuna biyu sun karɓi takardar."

Ba ta ce tana da lura ba, ba ta ce tana sauraron shawara ba, ba ta ce ta iya jagoranci ba. Wanda ya ji labarin shi zai faɗi duk waɗannan a ransa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ba ya musunsa. Ka lura kuma da wurin da ta ce takardar farko ta yi tsawo. Wannan ɗan tuntuɓen bai rage mata komai ba, shi ne ma ya sa labarin ya yi kama da abin da ya faru da gaske. Labarin da komai ya tafi sumul daga farko har ƙarshe yakan sa mai sauraro ya fara shakka.

A rubuce, kamar a takardar CV, wato taƙaitaccen tarihin karatu da aikin mai neman aiki, ana matse labarin ya koma layi ɗaya. Laszlo Bock, wanda ya shugabanci sashen kula da ma'aikata na kamfanin Google, ya shahara da wani sassauƙan tsari na wannan: ka faɗi abin da ka cim ma, da ma'aunin da ya nuna shi, da hanyar da ka bi. Misali, mai kula da sito yakan rubuta "Kula da shige da ficen kaya." Wannan bayanin kujerar ne, duk wanda ya zauna a kanta zai iya rubuta shi, har wanda aka kora. Amma in ya rubuta, "Na rage kayan da ke lalacewa a sito daga kashi 8 cikin 100 zuwa kashi 3 cikin shekara ɗaya, ta hanyar fitar da tsohon kaya kafin sabo da yin ƙidaya kowane mako," to ya faɗi abin da shi ya yi da kujerar.

Game da lambobi, ga ƙa'idoji uku da ba a wasa da su. Kada ka faɗi lambar da ba za ka iya bayanin yadda ka samo ta ba. In kiyasi ne, ka ce kiyasi ne: "kusan rabi" ya fi "kashi 52" da ka ƙirƙiro a hanya. Kuma in za ka cike lamba, ka cike ta zuwa ƙasa. Wanda ya ce 40 aka bincika aka samu 43, ya sayi amana. Wanda ya ce 45 aka samu 43, ya zubar da ita a kan biyu kacal, kuma sauran maganganunsa duk sun shiga tuhuma.

To wanda aikinsa ba ya aunuwa da lamba fa? Sakatare, mai gadi, mai karɓar baƙi, malamin ƙananan yara? Akwai wasu ma'aunai. Abin da ka kawo, har yanzu ana amfani da shi? Wani sashe ya kwaikwaya? Ƙorafin da ake yawan yi ya tsaya? An sake ba ka irin wannan aiki, ko an ce ka koya wa wasu? An gama kafin wa'adi? Kowanne daga cikin waɗannan sakamako ne da ake iya tabbatarwa. "Tun da na sauya yadda ake jera fayiloli, ba a sake dakatar da taro don neman takarda ba" magana ce mai nauyi, babu ko lamba ɗaya a cikinta.

Tsawon labarin a baki kada ya wuce minti biyu. In suna son ƙari za su tambaya, kuma amsa tambaya ba ta taɓa zama cika baki.

Mataki na 4: Raba "ni" da "mu" bisa gaskiya

Masu kunya sukan ɓuya a bayan "mu": mun yi, mun gyara, mun samu. Mai intabiyu yana zaune yana tunanin, to kai me ka yi a ciki? Ba ƙungiyar zai ɗauka aiki ba, kai zai ɗauka. Masu fankama kuma sukan hadiye aikin mutum goma su ce "na yi." Duk wanda ya san yadda aiki yake tafiya ya san ba haka aka yi ba.

Hanyar da ta fi ita ce ka ba kowanne wurinsa: "mu" ga buri da sakamako, "ni" ga ɓangaren da ka riƙe. "Mu biyar aka ba aikin sauya manhajar biyan albashi. Nawa shi ne tace bayanan tsofaffin ma'aikata, na gano sunaye da aka maimaita, na gyara su kafin a kwashe. Abokiyar aikina ita ta horar da masu amfani da manhajar, kuma ba don horon nan ba da an sha wahala. Mun gama mako biyu kafin wa'adi." Ambaton abokiyar aikin bai rage masa komai ba. Ya nuna ya san aikin ciki da bai, ya kuma nuna shi mutum ne da za a iya zama da shi.

Ka yi hattara da ƙwaƙwalwarka a nan, don tana da son kai ba tare da ka sani ba. A shekarar 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam a Kanada, Michael Ross da Fiore Sicoly, sun tambayi ma'aurata, kowa shi kaɗai, yawan kason da yake ɗauka na ayyukan gida daban-daban. Da aka haɗa amsar miji da ta mata, a yawancin ayyukan sai jimlar ta zarce aikin gaba ɗayansa. Ba lallai ne wani ya yi ƙarya ba. Kowa ya fi tuna wahalar da shi ya sha, domin yana wurin lokacin da ya sha ta, ta ɗan'uwansa kuwa labarinta ya ji, in ma ya ji. Haka abin yake a ofis. Don haka duk kason da zuciyarka ta ba ka a aikin haɗin gwiwa, ka ɗan rage shi kafin ka furta. Gwaji mai sauƙi: da abokan aikin nan suna zaune a ɗakin, za ka iya faɗin maganar yadda ka tsara ta ba tare da ka kauce wa idon kowa ba? In a'a, sake tsarawa.

Mataki na 5: Share abubuwa uku daga bakinka

Na farko, siffofin yabo: gwani, ƙwararre, haziƙi, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Duk inda ka ga ɗaya a rubutunka, ka tambayi kanka wane aiki ne ya sa ka ce haka, ka goge siffar ka sa aikin.

Na biyu, auna kai da wasu. "Wanda na gada ya bar wurin a lalace," "ni kaɗai ne na iya," "sauran duk barci suke." Wannan ya fi komai saurin ɓata mutum, domin mai sauraro nan take zai fara tunanin abin da za ka faɗa a kansa ran da kuka rabu. Kana iya bayyana munin halin da ka tarar ba tare da ka rataya shi a wuyan kowa ba: "Na tarar da fayiloli 200 suna jiran aiki." Shi ke nan. Ka auna yau ɗinka da jiyan aikin, ka bar mutane.

Na uku shi ne wanda masu wayo suka fi faɗawa ciki: yabon kai da aka lulluɓe da ƙorafi ko ƙanƙan da kai. "Wallahi na gaji, duk wani babban aiki sai a ce sai ni." "Ni ban ma san me suka gani ba da suka ba ni lambar yabon nan." Mai wannan magana yana zaton ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ya sanar kuma ya yi tawali'u. Wani bincike da Ovul Sezer da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya nuna akasin haka: mutane sun fi ƙin irin wannan a kan yabon kai na kai tsaye, saboda suna ganin babu gaskiya a cikinsa. A ganina dalilin a fili yake. Mai cika baki ƙarara laifi ɗaya ya yi. Wannan kuwa ya yi alfahari, sannan ya raina hankalin mai sauraro. In an ba ka lambar yabo kuma kana murna, ka ce an ba ka, kana murna.

Akwai kishiyar wannan, wato rushe nasara tun kafin a faɗe ta: "Ba wani abu ba ne dai," "sa'a ce kawai," "kowa ma zai iya." In ka ce ba wani abu ba ne, za a yarda da kai. Godiya ga Allah kuwa tana da muhallinta, ka ce alhamdu lillahi da zuciya ɗaya, amma kada ka tsaya a nan. An tambaye ka me ka yi, bayan godiyar sai ka faɗa.

'Yan'uwa mata, wannan gaɓa ta fi shafar ku. Christine Exley da Judd Kessler, masana tattalin arziki a Amurka, sun ba maza da mata jarrabawar lissafi da kimiyya, sannan suka ce kowa ya bayyana yadda yake ganin ƙoƙarinsa. A sakamakon da suka wallafa a 2022, mata sun ba kansu maki ƙasa da na mazan da suka ci daidai da su, kuma tazarar ba ta gushe ba ko bayan an gaya wa kowa ainihin abin da ya ci. Saboda haka in kin rubuta abin da kika yi, kika ji kamar ya yi yawa, kada ki yi saurin ragewa. Ki duba ko akwai ƙarya a ciki. In babu, ki bar shi yadda yake.

Mataki na 6: Duba wuri da lokaci

Magana ɗaya tana iya zama amsa mai kyau a wani ɗaki, ta zama fariya a wani.

A intabiyu da ranar tantance ma'aikata, an kira ka ne don ka faɗa. Kawaici a nan ba ladabi ba ne, barin tambaya ne babu amsa. Ka zo da labaranka uku a shirye, ka kuma tura wa shugabanka taƙaitaccen jerin su kwana biyu ko uku kafin zaman, don ya samu abin da zai rubuta.

Tsakanin tantancewa da tantancewa, abin da na fi ganin amfaninsa shi ne ɗan saƙon ƙarshen mako ko na wata zuwa ga shugaba: abin da aka gama, abin da ake kai, inda aka maƙale. "Yallaɓai, an kammala rahoton wata uku, an tura. Matsalar na'urar buga takardu ta warware, ashe waya ce ta saki. Ina jiran amincewarka a kan jadawalin horo." Ba wanda zai kira wannan yabon kai, rahoto ne. Amma bayan wata goma sha biyu, shugaban ya san aikinka fiye da na kowa ba tare da ka taɓa tsayawa gabansa kana lissafa kanka ba.

A hira da abokai ko abokan aiki, ka jira a tambaya, ka ba da jimla ɗaya, ka mayar da tambayar. In mutum ya rasa aiki, ko an tsallake shi a ƙarin girman da kai ka samu, ba ranar ba ce.

Sai intanet, inda aka fi zamewa. Irene Scopelliti da George Loewenstein da Joachim Vosgerau sun nuna a wani bincike na 2015 cewa masu sanar da nasarorinsu suna zaton za a taya su murna fiye da yadda ake yi, kuma ba sa hango yawan waɗanda abin zai ƙona wa rai. A LinkedIn ko Facebook ba ka ganin fuskar mai karatu, don haka babu abin da zai ja maka birki. Kafin ka wallafa, ka tambayi kanka abin da mai karatu zai ɗauka ya tafi da shi. "Na samu takardar shaidar kaza" sanarwa ce. In ka ƙara da yadda ka raba lokacin karatu da aiki, da ɓangaren jarrabawar da ya fi ba ka wuya, ka ba wani abin amfani. Kuma kada ya zama kullum. Wanda duk mako yana da sabuwar nasarar sanarwa, ana daina karanta shi.

Mataki na 7: Bar wani bakin ya faɗa

Yabon da ya fito daga bakin wani ya fi naka tasiri nesa ba kusa ba. Jeffrey Pfeffer na jami'ar Stanford da Robert Cialdini da abokan aikinsu sun gwada wannan a 2006, suka ga mutane sun fi son wanda wakilinsa ya yabe shi a kan wanda ya faɗi kalmomin nan da bakinsa, ko da sun san wakilin yana da abin da zai samu a ciki.

Ga yadda za ka yi amfani da wannan ba tare da maguɗi ba. In abokin ciniki ya yi maka godiya da baki, ka ce, "Na gode ƙwarai. In ba damuwa, ko za ka rubuta wa shugabana layi biyu?" Yawanci ba sa ƙi. In za ka nemi takardar shaida daga tsohon shugaba, kada ka bar shi da lalube, ka tura masa abubuwa uku da kuka yi tare da kwanakinsu. A intabiyu kana iya aron bakin wani, muddin da gaske ya faɗa: "A tantancewar bara shugabata ta rubuta cewa ni take ba aikin da ke da ƙurarren wa'adi." Kai ma ka riƙa faɗin aikin wasu a gaban manya, da suna da dalili. Mutane suna riƙe wannan, kuma sukan rama.

Mataki na 8: Gwada da baki, ka shirya wa abin da zai biyo baya

Abin da ya yi kyau a takarda yakan yi nauyi a harshe. Ka faɗi labaranka da murya, ka ɗauka a waya, ka saurara. Muryar da kake nema ita ce wadda kake ba da kwatancen hanya da ita: ba rawa, ba kumbura. Sannan ka gwada a gaban mutum ɗaya da ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, ka ce ya tsayar da kai duk inda ya ji ka fara hura hanci ko ka fara janyewa.

Ka kuma shirya wa tambayoyin da kan biyo baya, domin a nan ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya ji labarinsa: Me ya fi ba ka wahala? Wa ya ƙi amincewa da farko, yaya kuka ƙare? Da za a sake, me za ka sauya? Ka amsa ta ƙarshen nan da abu na gaske, ba irin "na cika son aiki" ba.

In aka yabe ka a bainar jama'a, "Na gode, na ji daɗin yadda ya fito" ta wadatar. In akwai wanda ya taimaka, ka ambace shi a jimla ɗaya. Kada ka yi musu da mai yabonka, don ka mayar da shi maƙaryaci ke nan, kada kuma ka ɗora da ƙarin bayani na minti biyar.

Mai wuyar ita ce ranar da wani ya gabatar da aikinka a taro kamar nasa. Kada ka ce "ai ni na yi" cikin fushi, ko da gaskiyarka ce kai za a gani da rashin haƙuri. Ka shigo ta ƙofar bayani: "Bari in ƙara haske a nan. Lokacin da nake haɗa alƙaluman, na ga na watan uku ba su daidaita ba, shi ya sa na yi amfani da na ofishin kuɗi." Duk wanda ke ɗakin ya gane hannun wa ke cikin aikin. Bayan taron ka same shi ku biyu, ka ce masa, "Malam, in za a sake gabatar da aikin nan, ina so a ambaci ɓangaren da na yi." In ya sake, daga nan ka riƙa tura aikinka ta imel kana saka shugaba a cikin waɗanda za su gani, tun kafin ranar taro, yadda kwanan wata da sunan wanda ya aiko za su kasance a rubuce.